Jinin da Anka Kai ma Bature

Wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Ko kura ta biyo shi, iyaka ki ce, "Kai wanga, gudu." Ni kau yau ina kiran nawa, kuma ba a hankali ba: Gajere. Gajere ɗan Mode, mai shanu bakin hwadamar Kwargaba, ƙasar Wurno. Ni ce Mairama, wadda taz zauna gidanai tana tatsa tana kai nono kasuwa, kuma za ni gaya muku ranar da bakina yah hwara ɗaukar sunan ga.

Zamanin Turawa ne, bayan sojan Bama sun dawo gida. Cikin garken Gajere saniya guda ce tawa, Wule, ja mai hwarin goshi. Ba sadaki ba ce, kada ma ku ba shi wannan darajar. Ubana yab ba ni kakarta ranar sunana, ni kuma niz zo da uwarta gidan aure. Annobar bushiya ta share sauran zuri'ar, Wule kaɗai tar rage, ga ta kuma da ciki. In ta haihu, shanun gidanmu sun sake tashi. In ta mutu, ba ni da sauran abin da za ni nuna in ce wanga na ubana ne.

Shekarar nan kudu munka ci rani, inda tsando ke cizon shanu, munka dawo da ruwan hwari. Ba mu daɗe da sauka ba Wule tah hwara zama baya ga garke. Gashinta yat tashi, idonta na zubar da ruwa, haƙarƙari yah hito ana ganinai daga nesa. Ko wadda ba ta taɓa riƙa ƙwaryar tatsa ba ta san sammore ne, ciwon da cizon tsando ka kawowa. Ba ita kaɗai ba, akwai wasu cikin na Gajere da sunka hwara, amma shi in an tambaye shi sai shi ce gajiyar hanya ce. Na jiƙa mata sassaƙen maɗaci, na ba ta kanwa, na yi mata hayaƙi. Duk wanda yas san sammore ya san waɗannan rarrashi ne kawai.

Lokacin allurar sammore ta hito, kuma tana aiki, na gani da idona. Sai dai maganin kaɗan ne, ba a yi ma kowa. Sai an ɗebi jinin saniya, an shahwa shi ga wani ɗan gilashi, an kai Sakkwato, Baturen dabbobi ya duba shi cikin madubinai. In ya ga ƙwayar cutar, shi turo masu allura wannan garken. In bai gani ba, ko shanunka na hwaɗuwa gabanka, kai dai mai lahiya ne.

Mai ɗibar jini daga Wurno har Rabah shi ne Malam Maccido, malamin dabbobi. Mutum ne mai tsoron kashin shanu. Aikin dabbobi shikai, amma da hwarar riga da takalmi sau-ciki, in ya zo rugga shina ɗaga ƙahwa awa mai tsallake garwashi. Duk da haka da can shina zuwa, don ba shi da yadda za shi yi. Shi iso bisa keke shina tsaki, shi dubi garke, shi nuna wadda tah hi rama da yatsa shi ce a kama. A huda kunnenta, shi shahwa jinin ga gilashi nan take, shi shanya. To daga nan aikin ke lalacewa. Kahin jinin shi bushe ƙudan rugga sun lashe rabi. Shi naɗe gilasan cikin tsumma, su manne da juna, motar Sakkwato ta hwasa sauran, Bature shi aiko a sake. Kulu matatai, wadda nika kai ma nono, ta ce min ranar da irin wannan saƙon yaz zo, ko kaza ba ta gilmawa tsakar gidan.

Sai yay yi dabara, kuma ba ni tauye mishi abin da yay yi. Yat tahi Rabah wurin wani kahinta, yas sa anka yi mishi akwatin katako. Ciki an yanka tsaga-tsaga, kowane gilashi da ɗakinai, ba mai taɓa ɗan'uwanai. Murhin raga ce ta waya, iska na shiga, ƙuda ba shi shiga. Ƙasa an shimhiɗa auduga don girgizar mota. Akwati ya yi kyau, ko ni da nika jin haushinai ba ni cewa bai yi ba. Bature yag gani yay yaba, har yaƙ ƙara mishi da kaya. Akwai wani ɗan inji mai hannu, a sa jini ciki a yi ta juyawa har shi rabu, ruwa sama, ja ƙasa, a ɗebi na tsakiya inda ƙwayar cutar ke taruwa a shahwa ga gilashi. Akwai kuma ƙananan kwalabe masu hwarin gari a gindi, wanda ke hana jini daskarewa kan hanya. Kulu tan nuna min su duka wata rana da mijin ba shi nan, tana magana ƙasa-ƙasa awa injin na barci.

Kayan nan su sunka gyara aikin, su kuma sunka ƙarasa lalata Malam. Tun da jini na iya zuwa da kainai cikin kwalba, mi za shi kai mutum rugga? Yaz zauna ohishinai na Wurno, ɗaki guda bayan kasuwa. Yas sa Kulu taɗ ɗinka ma injin riga, akwatin kuma da hannun rigatai shika goge shi. Na taɓa ishe shi shina juya injin ba komi ciki, don masu wucewa su ji ƙara su leƙo.

Ranar kasuwar Wurno yas sa anka tara masu shanu gindin tsamiya. Ina gehe da ƙoraina ina kallo. Yab buɗe akwati, yar ruhe, yas sake buɗewa. Yay yi bayanin raga, yay yi bayanin auduga, yak kawo labarin kahinta da yadda wai shi yak koya ma kahinta riƙon zarto. Yac ce daga yau jinin ƙasar Wurno za shi isa gaban Bature awa yanzu anka ɗebo shi, kowane gilashi da sunan mai garke jikinai, Bature da bakinai za shi kira sunan. Sannan yar raba kwalabe, kowane garke guda. Gobe da sahe a huda kunne, a cika, a toshe, a kawo kahin rana ta take. Ya yi magana har nonona yak kusa tsami, amma abu guda bai hwaɗi ba, wace saniya za a huda. Da can yatsanai ka hwaɗin wannan. Yanzu yatsan ya zauna ohis, bai kuma tuna shi sa bakinai shi yi aikin ba.

Ni na hwaɗi. Kan hanyar gida nic ce ma Gajere, "Wule za ka huda. Ita tah hi jin jiki."

Yac ce, "Na ji."

Kwalbar na cikin aljihunai, shina tahiya shina lalubarta.

Ya kamata ku san wane ne Gajere. Mutum ne da in baƙo ya sauka, gara mu kwan da yunwa da a ce ƙwaryar baƙo ba ta cika ba. Wannan ba laihi ba ne, haka anka rene mu duka, abin da za shi gaban babba mai kyau aka zaɓa. Nonon da za a kai ma Arɗo ba a tatso shi ga mai ciwon hantsa. Amma kowa na da inda shika tsayawa, shi ba shi da. Shina da bijimi guda, bokolo mai gajeren ƙaho, hwari tas, tozonai har shina kwantawa gehe, sunanai Daneri. Bijimin ga bai je kudu da mu ba. Gajere ya bar shi Giyawa wurin kawunai shina cin dusa da harawa, don kada hanya ta rage mishi tozo. Tsando bai taɓa ganin ko wutsiyatai ba.

Da sahe nit tahi rijiya. Kahin in dawo ya ɗebi jini ya kama hanyar Wurno, da rigatai ta salla. Nid duba kunnen Wule na dama, ba komi. Na hagu, ba komi. Nit tahi wurin Daneri, ga kunnenai an huda an shahe da toka.

Da yad dawo na bari ya sha ruwa, sannan nic ce, "Jinin wa kak kai?"

"Jinin garkena."

"Na ga kunnen Daneri."

Ko gezau bai yi ba. Yac ce, "Ke, kin ji abin da Malam yac ce. Da sunana za a kai shi. Bature shi ɗaga gilashi shi ce Gajere ɗan Mode, sannan shi ga jini tsararo awa ruwan wankin ƙwarya? Sakkwato duk ta ji abin da ɗan Mode ka kiyo ke nan? Da kin ga jinin Daneri da yah hito. Malam da kainai ya ce yau bai karɓi mai kauri irinai ba."

Nic ce, "Magani anka ce za a ba mu, ba sarauta ba."

Yac ce mace ba ta san yadda aka shiga gaban manya ba, yat tashi yat tahi duba kunnen bijiminai ko ya kumbura.

Wanshekare nih huda kunnen Wule da kaina. Ba ni da kwalba, sai nit tara jinin cikin sabon ƙoƙo, nir ruhe da hwaihwai, niɗ ɗora bisa ƙwaryar nono nik kama hanya. Na yi sauri har zanena na harɗe ni, amma kahin in shiga Wurno jinin ya daskare ya koma awa hanta.

Malam na zaune shina jera gilasai cikin akwati. Nig gaishe shi har ƙasa, nic ce, "Malam, jinin da anka kawo maka jiya daga garkenmu na lahiyayyen bijimi ne. Ga na marar lahiyar."

Yal leƙa ƙoƙon, yaj ja baya, yat toshe hanci da bakin rawani. "Mi ne ne wanga? Bahillata, nan ba mahauta ba ce."

"To ba ni kwalba in koma in ɗebo. Yau ɗin ga ina dawowa."

"Garke guda, kwalba guda. Taku ta zo, na juya ta, na shahwa ta, ga ta nan ɗakinta." Yan nuna min gilashin daga nesa, bai bari na matso ba. "Dubi yadda yak kwanta. Duk akwatin ga ba kamar shi. Shi za ni sa gaba."

Nic ce, "Ai don ba shi da cuta ne."

"Ke ka duba madubin? Ko Bature ya ba ki aro?"

Ina ganin sauran tsagogi cikin akwatin ba komi ciki, ina kuma ganin kwalabe cikin kwando ƙarƙashin teburinai. Nin nuna mishi. Yac ce waɗancan na Rabah ne, kuma aikin gwamnati ba tallan hura ba ne da za a ce a yi gyara. Sannan, ba kunya ba tsoron Allah, yat tambaye ni ko da sauran man shanu ƙwaryata, Kulu na so. Nic ce ya ƙare. Akwai shi, na gwammace shi narke bisa kaina.

Nib bi ta wurin Kulu. Ta ji tausaina, ta ce za ta yi mishi magana in ya ci ya ƙoshi. Ban san ko ta yi ba, ban kuma ga alama ba. Daga nan nit tahi wurin Arɗo Atiku, shugaban ruggagenmu, don shi in ya nemi kwalba ba a hana shi. Dattijon yas saurare ni shina shahwar gemu, yac ce, "Ɗiyata, mijinki bai yi abin kunya ba. Ni ma na karsanata mai ƙiba nik kai." Nan nig gane ba ni da wurin kai kuka, don cutar ta Gajere ta kama har manya.

Akwati yat tahi Sakkwato, ko gilashi guda bai hwashe ba. Da amsa tad dawo Malam yas sake tara mutane gindin tsamiya, wannan karon da sabon rawani. Yac ce Bature ya ce ba a taɓa kawo mishi jini mai tsabta irin na Wurno ba, za a sa sauran malaman lardi su yi akwati irin nashi. Sai da yag gama shan yabonai sannan yak kira garkunan da anka ga cuta. Kaɗan ne, tun da ba Gajere kaɗai ad da bijimi da girman kai ƙasar nan ba. Cikin waɗanda anka kira har da Sajo, ɗan ƙanen uban Gajere, maƙwabcinmu, wanda Gajere ke ce ma mai kiyon ƙasusuwa. Sajo ba wayo yay yi ba. Shi dai ba shi da saniyar nunawa, duk wadda yak kama ramammiya ce. Da anka kira sunanai yas sunkuyar da kai, mutane na dubanai da tausai, alhali shi anka ceta.

Da anka zo ga namu Malam yac ce, "Gajere ɗan Mode, garkenka lahiya lau, Bature ya ce a gaishe ka." Ni ban yarda Bature ya ce a gaida kowa ba, amma Gajere ya yarda. Yas sai goro yab bi rumhuna shina rabawa, kowa yat tambayi dalili sai shi tsaya shi ba shi labari tun daga hwarko. Ina zaune bakin ƙoraina ina kallon mutum na rabon goro don an hana shanunai magani.

Masu allura sunka sauka ruggar Sajo, daga ƙohwar bukkata ina hangen su. Lokacin Wule ba ta iya tahiya mai nisa, in ta miƙe sai ƙahwahun baya su kama rawa. Tun da sahe nir roƙi Gajere shi kama min mu tallabe ta zuwa can. Yac ce saniyar garkenai ba ta bin layi da na Sajo bayan abin da anka hwaɗi gaban kasuwa. Nit tahi ni kaɗai. Malam na zaune bisa kujera nesa da shanu, ƙarƙashin laima, masu allura na ta aiki cikin taɓo. Nid durƙusa gabanai.

"Malam, saniyata na can, ga ta kana hange. Allura guda. Don Allah, don Annabi."

Yac ce, "Wane garke?" awa bai taɓa shan nonona ba.

"Na ɗan Mode."

"Wancan lahiya lau shike. In na soka ma saniyar garke mai lahiya allura, mi nic ce ke nan? Na ce akwatina ya yi ƙarya. Ana batun kai shi Kaduna a nuna ma manya, ke kina so in ɓata shi don saniya guda?"

Nic ce, "Taso ka dube ta kawai, Malam. Da idonka, awa yadda kas saba da can."

Yad dubi taɓon da ke tsakaninmu da ruggarmu, yad dubi takalmanai. Sannan yac ce ma ɗaya daga masu allurar a janye mishi matar ga, tana razana shanu. Ban tahi ba, na koma gehe na tsaya har sunka gama. Da idona nig ga maganin da yar rage cikin kwalba. Anka toshe shi, anka naɗe cikin tsumma, anka ɗaure bayan keken Malam.

Shanun Sajo sunka tashi, kahin gero shi hidda kai sun hwara cika. Na Gajere sunka hwara kwanciya, shi kuma kowace da sunan da shika ba ciwonta. Wagga ta ci mugun haki, waccan kambun baka ne, mutane na hassadar gaisuwar Bature. Har laya yak karɓo daga Goronyo yar rataya ma Daneri, wanda ba abin da ka damunai sai ƙoshi.

Wata rana da hantsi nis sami Wule kwance ta miƙe wuya, lumhwashi sama-sama, cikinta na motsi, ɗan na juyi. Na san ta gama. Ban ƙara neman allura ba, ban ƙara neman ɗan maraƙi ba. Abin da nika so guda ne, a sa mata wuƙa da sunan Allah, ta tahi halal awa yadda uwarta da kakarta sunka tahi, a raba nama, in jeme hwatarta in riƙa salla bisa. Mace ba ta yanka wurinmu. Nit tahi wurin Gajere, shina gindin ƙirya shina cire ma Daneri kaska.

"Taho da wuƙa. Wule za ta tahi."

Bai ɗaga kai ba. "Hutawa takai."

"Tashi ka gani."

"In na yanka, a kai nama ruggage, kowa shi ga ba kitse, shi ga jini ruwa-ruwa. Ranar kasuwa a ce mi? A ce Bature ya gaida maƙaryaci? Ƙara mata kanwa, tana tashi."

Nir ruga wurin Sajo. Mutumin kirki ne, bai tambaye ni komi ba, yaɗ ɗauki wuƙatai yas soke cikin hannun riga yab biyo ni. Amma namiji ba shi shiga garken wani shi yanka sai mai garke ya ce bismilla, balle ƙane ga wa. Kuma wurinmu ba a ɗauko magana, kome girmanta, sai an gama gaisuwa. Gajere ya san wannan sarai. Da yah hango mu yat taso da hwara'a, yat tari Sajo tun bakin hanya, yash shimhiɗa mishi buzu inda za shi ba Wule baya.

Yah hwara. An tashi lahiya, ina gajiya, yaya gida, yaya iyali. Yaya matarka Hassana, yaya ƙahwar da tay yi mata ciwo. Yaya shanu, allurar ba ta yi musu zahi ba? Yaya ruwan bana wajenku, alhali gajimare guda ka zubo muna ruwa da su. Sajo na amsawa, "Lahiya, sai alheri," shina satar kallona, hannunai bisa wuƙa. Duk sanda yab buɗa baki za shi ce "dama," sai Gajere shi jawo wata. Yaya tsohuwa ta Maikujera, an ji labarinta? Yaya kawu na Giyawa? Ya tambayi mutanen da bai taɓa tambaya ba tun da anka kawo ni gidan nan, har da wanda yar rasu bara. Sajo yat tuna mishi, sunka ɗaga hannu sunka yi ma mamaci addu'a, doguwa. Da sunka shahwa yaj juyo yac ce min, "Ke, ba a kawo ma baƙo nono?"

Ban kawo ba. Ina durƙushe wurin Wule, kanta bisa cinyata, ina kore mata ƙuda. Tash shura ƙahwa, tas sake shurawa, idon yat tsaya. Cikin ya ɗan ƙara motsi bayanta, sannan shi ma yad daina. Bayana ina jin Gajere na tambayar lahiyar jakin Sajo.

Sajo shi yah hwara ganin huskata. Yam miƙe, yac ce innalillahi, yaz zare hannunai daga wuƙa. Gajere yat tako yat tsaya bisa kanmu, yad dube ta, yag gyara murya don Sajo shi ji da kyau shi kai gaba.

"Ikon Allah," yac ce. "Maciji ne. Tun jiya nig ga sawunai."

Niɗ ɗaga kanta a hankali nik kwantar ƙasa. Nim miƙe, nik kakkaɓe zanena. Gaban ƙanenai, gaban shanunai, nic ce, "Gajere."

Yad dube ni baki buɗe. Sajo yak kau da huska, yash shiga kallon ƙasa.

"Gajere ɗan Mode, nemo igiya ka ja mushenka. Ungulaye na jira, su ma sun ji Bature ya gaishe ka."

Nish shiga bukka nih hwara haɗa ƙoraina, don ba ni ƙara kwana gidanai.